Yadda Ake Tantance Fim ɗin Ninja Mai Ƙaramin Jari Kafin a Saya ko a Haska wa Jama'a

A lokacin da nake yaro ina taya kawuna aiki a gidan kallonsa da ke Tudun Wadar Gusau, aikina shi ne in rubuta sunan fim ɗin dare da alli a jikin allo, in jingina allon a bakin ƙofa, sannan in zauna da gwangwanin karɓar kuɗi. Babu kalmar da take cika mana benci kamar ninja. Da zarar yara sun hango ta a allo sai labari ya zaga unguwa, kafin a idar da sallar isha'i rumfar ta cika har wasu suna zama a ƙasa. Wata rana kawu ya aike ni kasuwa in zaɓo sabon kaset, na ɗauko wani da kwalinsa ke ɗauke da hoton mutum uku masu rufaffiyar fuska, ɗaya cikin jajayen kaya, ɗaya cikin baƙaƙe, ɗaya cikin farare, mai shagon kuma ya rantse mini cewa faɗa ne tun daga farko har ƙarshe. Da dare aka tayar da janareto aka saka kaset. 'Yan ninja suka fito suka yi artabu na kamar minti uku a wani fili mai ciyawa, daga nan sai fim ya koma wani gari dabam, inda wasu mutane dabam suka shafe kusan rabin awa suna rigima a kan bashi, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya ambaci ninja ba. Wani dattijon mahauci da ya yi dambe a ƙuruciyarsa, wanda ba ya fashin zuwa kallo, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, wanga ba fim guda ba ne, biyu ne aka ɗinke." Kawu ya mayar wa kowa kuɗinsa a daren. Bai yi mini faɗa ba, sai da gari ya waye ya zaunar da ni gaban talabijin ya ce, "Ɗana, ba a cinikin biri a sama. Daga yau duk kaset ɗin da za ka saya, sai an saka maka shi ka gani da idonka."

Kaset ya daɗe da wucewa, yanzu shagon tura fina-finai a waya da memori nake da shi, amma matsalar ba ta sauya ba, domin har gobe mutum yakan biya kuɗinsa saboda hoton da ya gani a fuskar fayil, ya koma gida ya tarar da abin da ba shi ya saya ba. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, ƙarancin jari ba shi ne yake ɓata fim ɗin ninja ba, tunda kusan dukkan waɗanda muka tashi muna kallo da ɗan ƙaramin kuɗi aka yi su, kuma wasunsu har yau ba a gajiya da su. Abin da yake ɓata shi ha'inci ne, wato a yi maka alkawarin gwanintar jiki a ba ka dabarar almakashi. Ana iya gano wannan ha'incin cikin minti 15 idan mutum ya san inda zai duba, kuma ba ya bukatar komai sai waya ko kwamfuta da ɗan haƙuri.

Kafin a shiga gwajin yana da kyau a san asalin abin da ake aunawa. 'Yan ninja, waɗanda ake kuma kira shinobi, 'yan leƙen asiri ne da masu kai farmakin ɓoye a ƙasar Jafan, musamman a zamanin yaƙe-yaƙen basasa na ƙarni na 15 da na 16, kuma yankunan Iga da Koga ne suka fi shahara da su, har wani babban jagoran yaƙi na Jafan, Oda Nobunaga, ya kai wa Iga babban yaƙi a 1581. Baƙar rigar da muka sani kuwa, masu nazarin tarihi da dama suna danganta ta da dandalin wasan kwaikwayo na Jafan, inda masu gyara kayan dandali suke sa baƙaƙen kaya don 'yan kallo su ɗauka ba sa wurin. Saboda haka kada mai tantancewa ya ɓata lokacinsa yana neman tarihi na gaskiya a waɗannan fina-finai. Ba shi suka zo sayarwa ba, kuma ba da shi za a auna su ba.

Guguwar da ta iso gare mu ta taso ne daga kamfanin Cannon na Amurka, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga Isra'ila, Menahem Golan da Yoram Globus, suka saya a 1979. Su ne suka fitar da Enter the Ninja a 1981, wanda aka ɗauka a Filifin, sai Revenge of the Ninja a 1983, sai Ninja III: The Domination a 1984, dukkansu da ɗan wasan Jafan Sho Kosugi a ciki, sannan American Ninja a 1985 da Michael Dudikoff a matsayin jarumi. Da kasuwar kaset ta ga cewa kalmar ninja tana sayar da kaya, sai wasu ƙananan kamfanoni a Hong Kong suka fito da wata hanya mai arha. Sukan sayi tsohon fim na Koriya ta Kudu, ko Tailan, ko Taiwan, ko Filifin, wanda bai samu kasuwa a waje ba, su ɗauki 'yan sababbin fitowa na Turawa sanye da kayan ninja masu launi, su yayyanka su cusa a ciki, sannan su ɗora sabuwar murya da Turanci don a ɗauka labari ɗaya ne. Kamfanin IFD na Joseph Lai da Filmark na Tomas Tang ne suka fi suna a wannan aiki, daraktan da aka fi ambata kuma shi ne Godfrey Ho. Ɗan wasan Amurka Richard Harrison ya sha bayyana cewa fina-finai kaɗan ya amince zai yi musu, amma aka rarraba hotunan da aka ɗauke shi a cikin fina-finai masu yawa.

Daga nan matakin farko ya fito: kada ka dubi hoton kwali ko na fuskar fayil, ka buɗe fim ɗin ka karanta sunayen da suke fitowa a farkonsa. Idan ka ga ɗaya daga cikin sunayen da na ambata na Hong Kong, to ka shiga da shirin neman ɗinki. Idan an yanke sunayen gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a wasu kwafin da suke yawo a memori, akwai hanyar da ba ta kuskure. Ka zaɓi jarumin da yake sa kayan ninja, ka zaɓi wani babban ɗan wasa daga ɗaya ɓangaren labarin, sannan ka riƙa tura fim gaba kana neman wuri guda inda su biyun suka tsaya cikin hoto ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya ya miƙa wa ɗaya hannu. A fim ɗin da aka ɗinka ba za ka samu ba. Abin da za ka samu shi ne hira ta tarho, wannan yana magana a ɗakinsa, wancan yana amsawa a nasa, ko kuma a nuna fuskar wannan yana magana sai a yanka a nuna fuskar wancan, alhali bangon da ke bayansu ba iri ɗaya ba ne, hasken ma ba ɗaya ba ne, wani lokaci ɗaya yana cikin rana ɗaya yana ƙarƙashin hadari. A Ninja Terminator na 1985, alal misali, Richard Harrison yana bayar da umarni ne ta wani tarho mai siffar kyanwar zane Garfield, mutumin da yake yi wa magana kuma yana cikin wani fim ɗin Koriya da aka ɗauka tun da farko. Ka lura da launin hoto kuma, domin tsohon ɓangaren yakan yi dishi-dishi ko ya yi ja, sabon kuma ya fito tas. Wata alamar ita ce ɗankwalin goshi da aka rubuta kalmar ninja a jikinsa da manyan baƙaƙe, wanda ya zama kamar tambarin irin wannan aiki.

Ba ina cewa duk fim ɗin da aka ɗinka ya zama na zubarwa ba ne. A cikin wanda na ambata yanzu akwai Hwang Jang-lee, gwanin shuri na gaske, kuma faɗan da yake yi a ɓangaren Koriya ya cancanci kallo. Sai dai wajibi ne mai sayarwa ya faɗa wa mai saye cewa labari biyu ne, kuma kada ya saka masa farashin cikakken fim.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so mai karatu ya fi daɗewa. Ka tura fim zuwa faɗa na farko da ya wuce minti ɗaya, ka kashe sauti gaba ɗaya, sannan ka kalla. Dalilin kashe sautin shi ne, rabin ƙarfin da muke ji a naushin fim daga ƙarar da aka ɗora masa yake zuwa, kuma ƙarar nan a ɗakin tace sauti ake haɗa ta bayan an gama ɗauka. Idan babu ita, ido ne kaɗai yake hukunci, ido kuwa ba ya karɓar cin hanci. Abu na farko da za ka nema shi ne ƙafafu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san cewa masu kallo na gaskiya ba hannun da aka naɗe da zare kaɗai suke bi ba, suna duban inda ɗan dambe ya kafa ƙafarsa, da yadda yake auna tazara, da yadda nauyinsa yake komawa gaba kafin ya kai hannu. Haka abin yake a fim. Daraktan da yake da gwanaye yakan ja kyamara baya ya nuna maka mutum biyu daga kai har ƙafa, don ba shi da abin ɓoyewa. Wanda ba shi da su yakan matso da kyamara kusa, ya nuna maka dunƙulen hannu, ya yanka, ya nuna fuska tana juyawa, ya yanka, ya nuna mutum kwance a ƙasa, ya bar ƙwaƙwalwarka ta haɗa abin da idonka bai gani ba.

Don kada hukuncin ya zama na son rai, ka ƙirga. Duk lokacin da aka yanka hoto ka fara ƙirga motsi, wato naushi, ko shuri, ko sara, ko kariya, har zuwa yanka na gaba. Ma'aunin da nake amfani da shi a shagona shi ne, idan ana samun motsi biyar zuwa sama a tsakanin yanka da yanka, to 'yan wasan sun yi atisaye kuma mai tsara faɗan ya san aikinsa. Idan kuwa kowane motsi ɗaya yana da nasa yankan, edita ne yake faɗan, ba 'yan wasa ba. A Ninja: Shadow of a Tear na 2013, wanda Isaac Florentine ya ba da umarni aka kuma ɗauka a Tailan, akwai inda jarumin fim ɗin, Scott Adkins, ya shiga ɗakin horo ya kara da mutane da dama kyamara tana biye da shi ba tare da an ga yanka ba. Fim ne da aka yi da ƙaramin jari, amma wannan fitowa guda ta ishi mutum ya gane bambancin gwaninta da dabara. Ina ba duk mai son koyon tantancewa shawarar ya kalle ta sau biyu, sau ɗaya da sauti, sau ɗaya babu.

Bayan ƙirga, ka dubi wanda ake duka, ba mai duka kaɗai ba. Kyawun faɗan fim rabinsa yana hannun wanda yake faɗuwa. Ka lura ko kansa yana juyawa a daidai lokacin da hannu ya iso, ko kuwa ya riga naushin tafiya, ko ya makara. Manhajar VLC, wadda ake samu kyauta a waya da kwamfuta, tana ba da damar rage gudun hoto zuwa rabi, kuma a wannan gudun za ka ga ko akwai tazarar taku guda tsakanin ƙafa da haƙarƙari. Ka lura kuma da taron 'yan ninja da suka kewaye jarumi. A fim mai rauni za ka ga tara suna rawa a gefe suna jiran layi, ɗaya ne kaɗai yake kai hari. Mai tsara faɗa da ya ƙware yakan ba da dalilin da ya hana su afka masa gaba ɗaya, ko dai ya saka faɗan a lungu mai ƙunci, ko a kan matakala, ko ya sa jarumi yana gudu yana rarraba su, kamar yadda mutum ɗaya zai yi idan da gaske aka taso masa.

Akwai kuma batun gudu. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma masu ɗaukar faɗa, musamman a Hong Kong, sukan rage zuwa kamar 22 a lokacin ɗauka don motsi ya ƙara zafi idan aka haska. Wannan kaɗan ɗin ba laifi ba ne, gishiri ne a miya. Laifin yana zuwa idan aka wuce gona da iri don a rufe sanyin jikin 'yan wasa. Hanyar ganewa ita ce ka ɗauke idonka daga masu faɗa ka dubi abin da ke bayansu: ganyen bishiya, ƙura, hayaƙi, ko wani mai wucewa. Idan ganye yana karkarwa kamar ana girgiza shi, ko ƙura tana sauka da saurin da ba nata ba, to an ƙara gudu fiye da kima.

Rufe fuska shi ne babbar ni'imar mai shirya fim ɗin ninja da ƙaramin kuɗi, domin da zarar an ja ƙyalle an rufe hanci da baki, kowa yana iya shiga madadin jarumi. A Enter the Ninja, Franco Nero ɗan Italiya ne jarumi, ba kuma ɗan wasan faɗa ba ne, don haka Mike Stone, gwanin kareti, shi ne yake shiga fararen kayan a wuraren da ake bukatar gwaninta. Michael Dudikoff ma bai zo American Ninja da horon faɗa ba, a wurin aikin ya koya. Sho Kosugi kuwa ya taso cikin horon kareti tun yana yaro a Jafan, shi ya sa ake yawan ganinsa yana faɗa fuska a buɗe. Abin da za ka nema ke nan: shin akwai aƙalla faɗa ɗaya da jarumi ya yi ba tare da rufe fuska ba, kuma kyamara tana nuna fuskarsa da ƙafarsa a lokaci guda? Idan akwai, to ka samu ɗan wasa na gaske. Idan babu, ka kwatanta idanu da gira da faɗin kafaɗa kafin a rufe fuska da bayan an rufe. Yin amfani da madadi ba ha'inci ba ne idan madadin gwani ne kuma an haɗa aikin da kyau, amma yana rage darajar fim idan mutum mai tsayi da gashin baki ya rufe fuska, sai ga wani gajere siriri yana tsalle a madadinsa.

Sauran dabarun ba sa bukatar dogon bayani. Tsallen da ninja yake yi daga ƙasa zuwa reshen bishiya, dirowa aka ɗauka sannan aka juya hoton baya, kuma za ka gane hakan idan ƙura ta taru ta koma ƙarƙashin ƙafarsa maimakon ta watse. Ɓacewa cikin hayaƙi kuwa tsayar da kyamara ake yi, ɗan wasa ya fita, a ci gaba da ɗauka. Waɗannan duk halal ne a wannan sana'a, ana duba tsabtarsu ne kawai. Idan inuwar bishiya ta yi tsalle a daidai lokacin ɓacewar, an yi aikin da gaggawa.

Duhu yana da nasa hukuncin, kuma ya fi shafar mu da muke tura wa mutane fim a ƙananan wayoyi. Baƙaƙen kaya cikin dare suna bukatar fitilu masu yawa kafin a ga komai, fitilu kuma kuɗi ne. Wannan ne ya sa fina-finai masu arha da yawa suke sanya wa 'yan ninja kaya masu launi su kai su fili da tsakar rana, abin da ya saɓa wa hikimar ɓuya amma yana ba ido damar gani. Ni dai na fi son faɗan rana da nake gani a kan na dare da nake ji kawai. Ka nemi fitowar dare guda ɗaya ka buɗe ta a waya mai arha, ka fita da ita bakin shago inda haske yake. Idan ba ka iya bambance jarumi da abokin gabarsa, to mai sayen da zai kalla a ƙarƙashin bishiya a Ƙaura Namoda ko Tsafe ma ba zai iya ba.

Labari ba ya ɗaukar lokaci wajen aunawa. Bayan minti goma na farko, ka gwada faɗa wa na kusa da kai abin da jarumi yake nema da wanda ya tare masa hanya, cikin numfashi ɗaya. A Revenge of the Ninja abin a fili yake: an kashe wa mutum iyali a Jafan, ya ɗauki ɗansa da mahaifiyarsa ya koma Amurka ya rantse ya ajiye takobi, ya buɗe shagon 'yan tsana, ashe abokin da ya amince da shi yana ɓoye muguwar ƙwayar heroin a cikin 'yan tsanan. Sho Kosugi ne jarumin, yaron da ya fito a matsayin ɗansa kuma, Kane Kosugi, ɗansa ne na cikinsa. Saboda an gina wannan tun farko, lokacin da jarumin da abokin nasa suka haɗu a kan rufin dogon bene a birnin Salt Lake a ƙarshen fim, kowane sara yana da nauyi. Tsohon mahaucin nan da na ambata ya kalli wannan faɗan a rumfar kawu yana dafe da gwiwa, bai ce uffan ba har aka gama, sannan ya ce a mayar masa da shi baya. Fim ɗin da ba za ka iya taƙaita labarinsa haka ba, ko da faɗansa yana da kyau, zai gajiyar da 'yan kallo kafin ya kai rabi.

Sau da yawa kuma fim ɗin yana da kyau, kwafin ne ya lalace, kuma bai kamata a ɗora wa darakta laifin da ba nasa ba. Fina-finan Hong Kong na wancan zamani da yawa an ɗauke su ne da faffaɗan hoto, kamar Five Element Ninjas na Chang Cheh da Ninja in the Dragon's Den na Corey Yuen, dukkansu na 1982. Da aka mayar da irinsu kaset don tsohuwar talabijin wadda allonta ba shi da faɗi, sai aka datse gefe da gefe, har ka ga mutum yana sara amma wanda yake sara ba ya cikin allo. Ka nemi kwafin da yake da baƙin layi sama da ƙasa. Ka duba tsawon lokaci kuma, domin galibin waɗannan fina-finai suna kai wa kimanin minti 90, idan ka ga naka ya tsaya a 70 to an yi masa aski. Sannan ka duba nauyin fayil. Mutane suna son a matse musu fim don memori ya ɗauki da yawa, amma matsewar ta fi cutar da fim ɗin faɗa a kan kowane iri, saboda a wurin motsi mai sauri ne hoto yake farfashewa ya zama dabbare-dabbare. A gwajin da nake yi, fim mai minti 90 da aka matse ƙasa da megabait 200 ba ya riƙe faɗan takobi. Araha ba ta ado, gara a tura wa mutum fim biyar masu kyau da a cusa masa goma sha biyar da ba ya ganin komai a cikinsu.

Idan kwafin mai fassarar Hausa ne, sai ka mayar da sauti ka saurara da kyau. Ɗora murya da Hausa ya buɗe wa iyayenmu da ƙannenmu ƙofar da Turanci ya rufe musu, kuma ina girmama masu wannan aiki. Amma akwai mai fassara, akwai mai surutu. Ka lura ko an bar ƙarar takobi da takun ƙafa da kiɗan asali a ƙarƙashin muryar, ko kuwa an shafe su duka an bar faɗa ba sauti sai ihun mai magana. Ka lura ko sunayen mutane suna nan yadda suke daga farko zuwa ƙarshe, domin na sha jin an kira mutum ɗaya da suna biyu. Ka kuma lura ko mai fassarar yana yin shiru inda fim ya yi shiru. Ninja mai lallaɓawa a kan katanga shiru ne makaminsa, wanda ya cika wurin da barkwanci ya kashe fitowar.

Akwai gwaji ɗaya da ba na tsallakewa ko da layi ya yi tsawo a shago, shi ne na dacewa da wanda zai kalla. Fina-finan Cannon na shekarun 1980 suna ɗauke da fitowar tsiraici nan da can, har da Revenge of the Ninja da na yaba a sama, kuma Ninja III labarin wata mata ce da ruhin mataccen ninja ya shiga jikinta, da fitowar da ba kowane gida zai karɓa ba. Ninja Assassin na 2009, wanda shi babban jari aka zuba masa, jini ne yake malala kusan a kowane faɗa. A jihar da yara da yawa suka ga masu rufe fuska da makami a zahiri, ba a allo ba, ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba. Sai ka bi fim ɗin da sauri daga farko zuwa ƙarshe, kana tsayawa kowane minti biyar, ka rubuta lokacin da duk wani abu irin wannan ya fito. Idan magidanci ya zo ya ce na kallon gida yake so, sai ka faɗa masa abin da ke ciki dalla-dalla ya zaɓa da kansa. Yaro ƙarami kuwa ba na tura masa irin waɗannan, ko da ya zo da kuɗinsa a hannu.

Duk abin da gwajin ya nuna, ina rubuta shi a wani littafi mai bangon kwali da nake ajiyewa a ƙarƙashin teburin kwamfuta. Kowane fim yana da layinsa: suna da shekara, ko guda ne ko ɗinki, adadin motsin da na ƙirga a faɗan farko, ko jarumi ya yi faɗa fuska a buɗe, tsawon lokaci da nauyin fayil, ingancin fassara, da mintunan da bai kamata yara su gani ba. Yaron shagona ma na koya masa cika shi, kuma sabon fim ba ya shiga jerin na sayarwa sai layinsa ya cika. Idan mai saye ya nuna wani hoto a allon kwamfuta ya ce shi yake so, sai in buɗe littafin in karanta masa layin, in kuma saka masa faɗan farko ba sauti ya kalla na minti ɗaya kafin in karɓi memorinsa.